Na harhaɗa Apache daga tushe, yanzu "make uninstall" ya ƙi aiki: yaya ake cire shi?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai saba mai Ubuntu 22.04 da ke ɗauke da Apache 2.4.54, manhajar da ke gabatar da shafukan intanet, amma ba ta hanyar apt, mai girka manhajoji na Ubuntu, aka girka shi ba. An sauko da tushen manhajar ne aka yi `./configure`, `make`, `make install`. Yanzu ana so a koma na apt, domin ya riƙa samun gyaran tsaro tare da sauran manhajojin sabar. Foldar tushen tana nan a /usr/local/src/httpd-2.4.54. Na shiga ciki na buga `make uninstall`, sai ya ce:

`make: *** No rule to make target 'uninstall'. Stop.`

Na gwada `make clean`, ya yi ta goge abubuwa, amma shafin yana nan yana buɗewa kamar ba a taɓa komai ba. Na girka apache2 na apt kuma ya ƙi tashi, yana cewa:

`(98)Address already in use: AH00072: make_sock: could not bind to address [::]:80`

Shin in goge /usr/local/apache2 kawai ya wadatar, ko akwai abin da zai lalace? Shafin da ke kai yana aiki da PHP, kuma yana da satifiket na Let's Encrypt. Allah ya saka da alheri.

Malam_Tasha

Wa alaikumus salam. Ba laifinka ba ne, Makefile na Apache ba shi da `uninstall` ko kaɗan. Haka nginx, haka PHP. Shi kuma `make clean` shara ce ta cikin foldar tushe kawai: yana kwashe abin da aka harhaɗa a can, ba ya leƙa inda aka girka. `make distclean` ma haka, har ya fi ɓarna, domin yana tafiya da Makefile ɗin da za ka iya buƙata nan gaba. Kada ka buga shi tukuna.

Amsar tambayarka ita ce e, goge foldar ne cirewar, amma shi ne aiki na ƙarshe. Fara da gano wanda ya riƙe ƙofa ta 80:

`sudo ss -ltnp | grep ':80 '`

Zai nuna maka suna da lambar PID. Ɗauki lambar ka yi `sudo ls -l /proc/LAMBA/exe`, ka ga ainihin fayil ɗin da ke gudana. Wanda aka harhaɗa da hannu sunansa httpd, na Ubuntu kuwa /usr/sbin/apache2 ne, don haka ba sa rikicewa. Daga nan:

`/usr/local/apache2/bin/httpd -V`

Layin HTTPD_ROOT shi zai gaya maka gidan da aka girka shi, SERVER_CONFIG_FILE kuma fayil ɗin saitinsa. Akwai wanda ya fi wannan bayani: buɗe /usr/local/apache2/build/config.nice. A ciki Apache yake ajiye umarnin configure daidai yadda aka buga shi ranar girkawa. Idan ba a sa `--prefix` ba, ko an sa /usr/local/apache2, ka huta, komai yana ƙarƙashin rufi ɗaya: bin, build, cgi-bin, conf, error, htdocs, icons, include, logs, man, manual, modules.

Kafin ka kashe shi, karɓi bayani daga bakinsa tun yana da rai:

`sudo /usr/local/apache2/bin/httpd -S > ~/tsohon-shafuka.txt`
`sudo /usr/local/apache2/bin/httpd -M > ~/tsohon-modul.txt`
`sudo tar czf /root/apache-ajiya.tar.gz -C /usr/local/apache2 conf htdocs cgi-bin logs`

Na farko jerin shafukan da yake ɗauke da su ne da fayil ɗin da aka rubuta kowanne, na biyu modul-modul ɗin da aka kunna. Za ka buƙace su lokacin saita sabon. Ka lura da conf sosai, mutane da yawa suna ajiye server.key da server.crt a can saboda nan ne misalin httpd-ssl.conf yake nunawa, wasu har da fayil ɗin kalmomin sirri na htpasswd.

Sai ka tsayar da shi da nasa apachectl, da cikakkiyar hanya, domin yanzu apachectl biyu ne a sabar:

`sudo /usr/local/apache2/bin/apachectl -k stop`

Dalilin da ya sa tsayarwa take gaban gogewa: Linux ba ya kashe manhaja don an goge fayil ɗinta. Idan ka goge foldar yana gudana, zai ci gaba da zama a ƙwaƙwalwa yana riƙe da ƙofa ta 80, ga apachectl ya tafi, ga logs/httpd.pid ya tafi. Wurin da manyan fayilolin log suka cinye a faifai ma ba zai dawo ba sai ya mutu, `df` zai ci gaba da nuna faifai a cike. Wanda ya riga ya yi wannan kuskure, ya nemo uban, wato httpd ɗin da ke gudana da sunan root, ya aika masa `kill -TERM`. 'Ya'yan za su bi shi. Idan ka kashe 'ya'yan kaɗai, uban zai haifo wasu nan take. Kuma a guji `kill -9`, ba ya ba shi damar tattara kayansa.

Yanzu sauran abin da ke wajen gidan. `make install` ba ya rubuta komai a systemd, don haka duk abin da ke tada shi idan saba ta kunna, hannun mutum ne ya sa. Wannan umarni zai tono mafi yawansu:

`sudo grep -rIl '/usr/local/apache2' /etc /var/spool/cron /root/.bashrc /root/.profile /home/*/.bashrc 2>/dev/null`

Idan ka ga /etc/systemd/system/httpd.service, yi `systemctl disable --now httpd`, goge fayil ɗin, sannan `systemctl daemon-reload`. Idan tsohon salo ne a /etc/init.d, goge shi ka bi da `update-rc.d -f SUNA remove`. Zai iya zama layi ɗaya a /etc/rc.local, ko `@reboot` a crontab. Akwai kuma /etc/logrotate.d da /etc/profile.d. Mahaɗan da aka jefa a wasu foldoji grep ba ya ganinsu, su sai find:

`sudo find / -xdev -lname '/usr/local/apache2*'`

Bayan duk wannan, shawarata kada ka goge yau. Sauya masa suna: `sudo mv /usr/local/apache2 /usr/local/apache2.tsoho`. Duk abin da ke dogara da shi a ɓoye zai yi ƙara cikin 'yan kwanaki, kuma gyaran `mv` ɗaya ne. Idan mako biyu suka wuce, an sake kunna sabar aƙalla sau ɗaya ba a ji komai ba, sai `rm -rf`.

Abu ɗaya da ba a taɓawa: mai amfani `daemon`. httpd.conf na asali yana gudana da `User daemon`, sai wasu su ɗauka Apache ne ya ƙirƙire shi su yi masa userdel. Na tsarin ne, lambarsa 1, tun kafin Apache yake nan.

Mai_Ƙunshi

Malam ya yi bayani mai kyau, amma duk ya tsaya ne a kan cewa config.nice zai nuna gida ɗaya. Bari in faɗi abin da za a yi idan ba haka ba ne, domin wasu jagororin intanet suna sa mutane su buga `--prefix=/usr` ko su zaɓi `--enable-layout` na wani tsari. A nan babu foldar da za ka goge. httpd, apachectl, htpasswd da ab suna cikin /usr/bin a cakuɗe da na tsarin, fayilolin .h sun zube a /usr/include, ga kuma baƙin foldoji irin /usr/conf da /usr/htdocs. Wanda ya shiga nan da `rm -rf` da zato, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Hanyar ita ce a sa manhajar ta faɗi da kanta abin da ta zuba. Makefile na Apache yana girmama DESTDIR, wato za ka iya sake girkawa cikin wata foldar wofi, ya jera komai a can daidai yadda ya jera a sabar:

`cd /usr/local/src/httpd-2.4.54`
`make`
`make install DESTDIR=/tmp/gwaji`
`cd /tmp/gwaji`
`find . \( -type f -o -type l \) | sed 's/^\.//' > ~/jeri.txt`

Sai an sake `make` saboda ka riga ka yi clean. Idan foldar tushen ta ɓace gaba ɗaya, sauko da sigar iri ɗaya daga archive.apache.org, ba sabuwa ba, ka gudanar da config.nice a cikinta maimakon configure. Siga daban tana iya zuwa da fayiloli daban, jerin ya fito da giɓi. Kuma a yi wannan aiki da mai amfani na yau da kullum, ba root ba: idan aka yi kuskuren rubuta DESTDIR, izini zai hana shi taɓa tsarin.

Jerin nan ba a miƙa shi ga rm kai tsaye. A fara tace shi:

`while read -r f; do dpkg -S "$f" 2>/dev/null; done < ~/jeri.txt`

Duk abin da ya fito a nan, akwai ƙunshin apt da ke da'awar mallakarsa. Misalin da aka fi gani /usr/bin/htpasswd da /usr/bin/ab ne, na apache2-utils. Cire su daga jerin, ko ka goge sannan ka mayar da `apt install --reinstall apache2-utils`. A Rocky ko Alma, `rpm -qf` ne madadinsa. Abin da ya rage:

`xargs -d '\n' sudo rm -f < ~/jeri.txt`

Foldoji kuma da `rmdir`, ba `rm -r` ba. rmdir yana ƙin goge foldar da ke da wani abu a ciki, kuma wannan ƙin shi ne kariyarka. Ka sani jerin ba zai ƙunshi abin da aka ƙara bayan girkawa ba, kamar log, modul ɗin da aka sa da apxs, da fayilolin shafinka. Amma zai ƙunshi httpd.conf da index.html, waɗanda wataƙila an gyara su, shi ya sa ajiya take gaba.

Wasu za su ce a yi amfani da checkinstall: a sake girkawa ta hannunsa ya mai da shi ƙunshin deb, sai a cire da `dpkg -r`. Yana aiki a wasu lokuta, amma ni ban so shi a nan. Yana rubutu a kan tsarin da ke raye, kuma idan ya haɗa da fayil ɗin wani ƙunshi, rikici ne. DESTDIR ba ya taɓa komai sai /tmp.

Sabon_Shiga

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. config.nice ya nuna wannan:

`"--prefix=/usr/local/apache2" "--enable-so" "--enable-ssl" "--with-apr=/usr/local/apr" "--with-apr-util=/usr/local/apr" "--with-pcre=/usr/local/bin/pcre-config"`

Wato gida ɗaya ne. grep ya samo `@reboot` a crontab na root, da fayil a /etc/logrotate.d, da wani a /etc/letsencrypt/renewal. Na cire na crontab, na tsayar da tsohon, na sauya wa foldar suna, apache2 na apt ya tashi. Saura uku: me zan yi da /usr/local/apr da PCRE? A cikin modules akwai libphp7.so, kuma `php -v` yana nuna 7.4 duk da na girka php na apt. Sannan da na nuna wa sabon Apache foldar shafin a /srv/shafi, kuskuren 403 yake bayarwa, wato ya hana shiga.

Yaya_Laburare

Ƙanena, bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ba hukunci ɗaya ne da su ba.

APR da APR-util, laburaren da Apache yake dogara da su, suna da sauƙi, suna zaune a /usr/local/apr su kaɗai. Apache na apt ba ya kallonsu, yana da nasa libapr1 da libaprutil1. Tambayar kawai ita ce ko akwai wata manhaja da aka harhaɗa da hannu a kansu, Subversion misali yana amfani da APR. Wannan zai nuna maka:

`for f in /usr/local/bin/* /usr/local/sbin/*; do ldd "$f" 2>/dev/null | grep -qE '/usr/local/(apr|lib/libpcre)' && echo "$f"; done`

Idan babu abin da ya fito sai pcregrep da pcretest, waɗanda na PCRE ɗin ne da kansa, sauya wa /usr/local/apr suna kamar yadda ka yi wa Apache. Duba /etc/ld.so.conf.d ko an sa fayil mai nuni da /usr/local/apr/lib, cire shi, sannan `sudo ldconfig`.

PCRE, shi ma laburare ne da Apache yake amfani da shi, amma ya bambanta, an zuba shi kai tsaye a /usr/local: bin, lib, include, share. Sa'arka ita ce shi an gina shi da automake, saboda haka `make uninstall` yana aiki a foldar tushensa. Idan foldar ta ɓace, sauko da siga iri ɗaya, `pcre-config --version` zai faɗa maka wacce, yi configure da prefix iri ɗaya, sai `sudo make uninstall` da `sudo ldconfig`. Ba zai girgiza tsarin ba: na Ubuntu sunansa libpcre.so.3, wanda aka harhaɗa daga tushe kuwa libpcre.so.1, ba sa hawa kan juna. Amma kada ka ce a bar shi tunda ba ya cutarwa. gcc yana duba /usr/local/include kafin /usr/include, don haka duk abin da za a harhaɗa nan gaba zai iya ɗaukar tsohon pcre.h ya haɗu da laburaren da bai dace ba, irin matsalar da ake kwana ana nema. Layin PCRE na 8 ma ya ƙare a 8.45 tun 2021, ba a ƙara gyara shi.

PHP kuwa, libphp7.so ya riga ya tafi tare da foldar Apache, amma sauran jikinsa yana /usr/local. `php -v` yana nuna 7.4 ne saboda /usr/local/bin yana gaban /usr/bin a PATH. `which -a php` zai nuna maka biyun. Idan ba a ba shi prefix ba, ga inda yake: php, php-cgi, php-config, phpize, phpdbg, phar da phar.phar a /usr/local/bin, wani lokaci da pear da pecl; sai /usr/local/lib/php, /usr/local/include/php, /usr/local/php, da php.ini a /usr/local/lib. Tabbatar da `php-config --configure-options` da `php --ini` kafin ka taɓa, ka kuma ajiye `php -m` da kwafin php.ini, domin upload_max_filesize da memory_limit da aka ɗaga a can ba za su bi ka zuwa sabon ba. Bayan cirewa buga `hash -r`, in ba haka ba bash zai ci gaba da neman php a tsohon wuri yana cewa babu.

Sai dai a nan zan ce ka dakata. Ubuntu 22.04 PHP 8.1 yake bayarwa, kuma tsalle daga 7.4 zuwa 8 ba ƙarami ba ne, abubuwa da dama da a da gargaɗi ne kawai yanzu suna tsayar da shafi. An daina tallafa wa 7.4 tun Nuwamba 2022, don haka barinsa dole ne, amma a gwada shafin a kan 8.1 kafin a goge tsohon.

Malam_Tasha

403 ɗin ba daga cirewar ba ne. apache2.conf na Ubuntu yana rufe dukan faifai, ya buɗe /var/www da /usr/share kaɗai. Ko ka mayar da shafin /var/www, ko ka sa wannan a fayil ɗin shafin a /etc/apache2/sites-available:

`<Directory /srv/shafi>`
`    Require all granted`
`    AllowOverride All`
`</Directory>`

AllowOverride sai idan shafin yana da .htaccess. Idan 403 bai tafi ba, izini ne: tsohon yana gudana da daemon, sabon da www-data. `find /srv/shafi -user daemon` zai nuna foldojin da tsohon yake rubutu a ciki, yawanci na loda hotuna da na cache. Su kaɗai za ka mayar wa www-data da chown, ba dukan shafin ba. /var/log/apache2/error.log zai bambance maka: AH01630 saiti ne ya hana, "Permission denied" kuwa izinin fayil ne.

Kada ka kwafi tsohon httpd.conf ka ɗora a /etc/apache2, kuma kada ka kwafi fayilolin .so daga tsohon modules. Ɗauki sassan VirtualHost kaɗai, ka buɗe tsohon-modul.txt ka kunna abin da ake buƙata da `a2enmod rewrite ssl headers` da makamantansu, sai `a2ensite`, sai `apache2ctl configtest` kafin reload.

Fayil ɗin /etc/letsencrypt/renewal da grep ya samo shi ne mai haɗarin da ba ya nuna kansa da wuri. Satifiket ɗin kwana 90 yake yi, yau yana aiki, sai ranar sabuntawa certbot, mai sabunta satifiket ɗin, ya nemi tsohon htdocs ko tsohon apachectl ya rasa, ya yi shiru, har masu ziyara su fara ganin gargaɗi. Buɗe fayil ɗin, gyara webroot_path da abin da ke ƙarƙashin webroot_map zuwa sabuwar foldar, duk wani hook mai kiran tsohon apachectl ka mai da shi `systemctl reload apache2`. Duba /etc/letsencrypt/renewal-hooks ma. Sannan `sudo certbot renew --dry-run`. Fayil ɗin logrotate na tsohon kuma goge shi, apt ya kawo nasa. Idan akwai fail2ban, logpath ɗinsa ya koma /var/log/apache2.

Mai_Ƙunshi

Ƙarin bayani kaɗan, domin na san za ka buga `apache2 -v` ka ga 2.4.52 ka ce an koma baya daga 2.4.54. Ba a koma ba. Ubuntu yana riƙe lambar siga yadda take, yana ɗauko gyaran tsaro daga sababbin sigogi yana sa wa tasa. `apt changelog apache2` zai nuna maka jerin CVE, wato ramukan tsaro masu lamba, da aka toshe. Wanda aka harhaɗa da hannu kuwa yana nan yadda aka bar shi ranar girkawa. A Oktoba 2021, da aka gano ramin CVE-2021-41773 a 2.4.49, gyaran 2.4.50 bai toshe shi duka ba sai da 2.4.51 ta fito, duk cikin 'yan kwanaki. Mai harhaɗawa da hannu sai da ya yi aikin sau biyu, idan ma labarin ya iso gare shi.

Idan wata rana dole ta sa a sake harhaɗawa, a ba kowace siga gidanta, kamar `--prefix=/opt/httpd-2.4.62`, a sa `--with-included-apr` tare da zuba tushen apr da apr-util a srclib domin su zauna cikin gidan, a ajiye shafi da saiti a waje, sai mahaɗi /opt/httpd ya riƙa nuna wadda ake amfani da ita.

Sabon_Shiga

403 ya tafi bayan sa Directory, kuma foldar loda hotuna ce kaɗai ta daemon. `certbot renew --dry-run` ya fara faɗuwa, ashe webroot_map yana da layi biyu, na www da marar www, ɗaya kawai na gyara. Yanzu ya wuce. PCRE ya fita da `make uninstall`. PHP 7.4 na bar shi tukuna, akwai wani sashe na shafin da ke faɗuwa a 8.1, zan buɗe masa tambaya daban. Na gode, Malam, na gode Yaya.